Laimar Shawagi Ba Ta Son Irin Ɗaurin Da Muka Saba

'Yan uwa masu harkar lodi da aika kaya a nan Legas da sauran garuruwan Kudu, maganarmu ta yau a kan wani kaya ce da yawancinmu ba su taɓa riƙewa ba, amma duk ranar da ya faɗo hannun ɗayanmu, to ran mutum aka damƙa masa. Muna nufin laimar shawagi, wadda masu ita ke kira faragilaida. Ita ce babbar laimar nan da mutum ke shimfiɗawa a gangaren dutse, ya ɗan ruga da gudu iska ta cika ta, ta ɗaga shi ya yi ta yawo a sama ba inji ba mai.

Mu dai ɗaurin kaya gado ne a wurinmu. Kakanninmu sun ɗauro goro daga Gwanja a cikin ganye, suna yayyafa masa ruwa a hanya, suna kwance huhu suna tsince wanda sankara ta kama. Har yau a Shagamu da Sabon Ibadan akwai dattawan da ke duban huhu sau ɗaya su faɗa maka ko ɗaurin zai kai Kano. Mun san albasa iska take so, mun san kwandon tumatir ba a ɗora masa nauyi, mun san dilar atamfa sai an taka ta an ja igiya har ta yi ƙara. Sai dai duk waɗannan kayan, in sun lalace ido yana gani. Mai kaya ya buɗe, a yi ciniki a kan asara, a rabu. Laimar shawagi kuwa tana iya lalacewa a hannunmu, mu miƙa ta fes kamar sabuwa, mai ita ya yi mana godiya ya tafi, kuma ɓarnar ba za ta bayyana ba sai yana rataye a sama. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Wani zai ce ina ruwanmu da wasan masu hali. Abin da ya haɗa mu da shi hanya ce. Wasan ya fara ne a 1978 a wani ƙauye mai suna Miyusi a tsaunukan Faransa, inda wasu masu dira da laima daga jirgi suka gwada tashi da ƙafa daga kan dutse. Yanzu ana yinsa a Oludeniz ta Turkiyya, da Bir Billing ta Indiya, da Kef Tawun ta Afirka ta Kudu. A nan kusa da mu kuma, tun 2005 ake bikinsa lokacin Ista a ƙasar Kwahu ta Gana, inda ake tashi daga dutsen Odweanoma da ke Atibie a sauka a filin ƙwallon Nkawkaw. Matuƙa kan zo daga ƙasashe daban-daban, suna ɗaukar 'yan kallo ɗaya bayan ɗaya a laima mai cin mutum biyu. Hanyar da ta tashi daga Legas ta bi Badagiri, Seme, Kwatano, Lome, Aflawo har Akra kuwa hanyarmu ce ta kullum. Ta nan ne irin wannan jaka ta zo hannunmu 'yan lokuta, daga baƙi mazauna Legas da ke son kayansu su riga su isa Gana.

Na farkon da ya kawo mana ita bai yarda ya ajiye ya tafi ba. Ya roƙi a share masa wuri a inuwa, ya kwance jakar gaba ɗaya a gabanmu, muka yi ta tambaya yana amsawa. Yawancin abin da za mu faɗa a nan daga wannan zama ya fara, sauran kuma muka ƙara daga waɗanda suka zo bayansa.

Laimar kanta yadin nailan ne mai saƙar ƙananan gidaje, don in ya tsage kada tsagar ta yi tafiya. Nauyin yadin yakan kama daga giram 27 zuwa 40 a kowace murabba'in mita, alhali farar takardar da muke buga webil a kai giram 80 ce. Wato yadin da ke ɗaukar ƙato bai wuce rabin nauyin takarda ba. An shafe shi da wani siririn shafi da ke hana iska ratsawa, kuma wannan shafin ne ran laimar. Ta mutum ɗaya faɗinta kan kai murabba'in mita 22 zuwa 30, nauyinta kilo 4 zuwa 6. Ta mutum biyu tana kai murabba'in mita 40, ana kuma gwada ta a kan nauyin da ya kai wajen kilo 220. A bakinta na gaba akwai wasu siraran tsinkaye na roba, wasu kuma na wani ƙarfe mai lanƙwasa, su ne ke riƙe bakin a buɗe don iska ta shiga.

Sai igiyoyi. In aka haɗa tsawonsu ɗaruruwan mita ne, wasu kaurinsu bai kai milimita 1 ba. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai Dyneema, wanda zafi ke sa shi ya tsuke ya rage tsawo, akwai kuma Kevlar da danginsa, wanda ba ya son a karya shi a kan kusurwa. An auna kowace igiya daidai da wurinta, kuma bambancin santimita 1 ko 2 yana canza yadda laimar ke tafiya. Bayan su akwai kujerar da matuƙi ke zama a ciki, mai soso ko jakar iska a ƙasa don kare ƙashin baya. Akwai ƙugiyoyi biyu na ƙarfe da ke haɗa kujera da laima, da hular kwano, da rediyo, da wata 'yar na'ura mai ƙara da ke nuna masa hawa da sauka. A cikin aljihun kujerar kuma akwai laimar ceto a naɗe, wadda zai jefa in babbar ta ƙi. Duka dai kilo 12 zuwa 20 ne, bai kai rabin buhun shinkafa ba.

Abu na farko da ke cutar da ita shi ne wanda muka fi ƙwarewa a kai, wato matsi. Mu in muka ga kaya mai laushi, hannu da gwiwa ke fara aiki. To tsinkayen roban nan in aka karya su aka ɗora nauyi kwana biyu, sun lanƙwashe ke nan, kuma bakin laima ba zai koma yadda aka ƙera shi ba. Soson kujera ma in ya daɗe a matse yana rage kumburi, ranar da mutum ya faɗo da baya sai ya tarar kariyar ta ragu. Shi ya sa masu ita suke naɗe ta gida-gida, kamar yadda tela ke tattara yadi, tsinkayen su kwanta ɗaya a kan ɗaya, sannan su sa ta cikin wata doguwar jaka su ninka ta biyu ko uku, su sa wani abu mai taushi a cikin ninkin don kada ya karye. Wannan naɗi na mai kaya ne. Namu shi ne mu bar shi yadda ya zo. Kada a sake ninka ta don ta shiga ƙaramin kwali, kada a zuƙe mata iska a leda irin ta barguna, kada kuma a ja igiya a jikinta kai tsaye.

Na biyu zafi. Mota in ta tsaya a rana a rufe, cikinta yana wuce digiri 60 a ma'aunin salshiyos. But ɗin babbar mota da ke kusa da inji haka yake, saman mota a ƙarƙashin baƙin tamfol ma haka. Zafi yana tsofar da shafin yadin, yana kuma tsuke igiyoyi, kuma ko ɗaya daga ciki ba ya barin tabon da za a gani. Hasken rana shi ma yana cin nailan a hankali, don haka matuƙa ke lissafa rayuwar laima da awannin da ta yi a rana. Ba a shanya ta a fili don jama'a su kalla.

Na uku danshi, kuma a nan goro da laima suka raba hanya. Ista kan faɗo a watan Maris ko Afrilu, daidai lokacin da ruwa ke fara sauka a Kudu, hanyar kuma bakin teku take bi tun daga Badagiri har Aflawo. Laimar da aka rufe da danshi tana yin fumfuna, shafinta ya fara saki. In zafi ya haɗu da danshin a cikin leda rufaffiya, ɓarnar ta fi sauri. Saboda haka kafin mu karɓa mukan sa hannu can ciki mu ji, mu kuma sansana. In akwai sanyin danshi, sai mai ita ya baza ta a inuwa ta bushe sarai kafin a rufe. Mukan nemi ya kakkaɓe ta ma, don fara in ta shige cikin gidajen laimar tana huda yadi ta fita, yashi kuma yana goge shafi daga ciki. Ruwan teku ya fi kowanne, domin gishirinsa in ya bushe yana zama kamar garin kwalba a cikin zare, sai an ɗauraye da ruwan daɗi.

Na huɗu maƙwabtan kaya. Fetur, gas, baƙin mai, ruwan batir, fenti da maganin ƙwari duk abokan gabar wannan yadi ne, kuma dukanmu mun san yadda jarka ke zufa a hanya. Akwai ranar da muka kai irin wannan kwali wata tasha, muka tarar yaron mota ya jera jarkokin gas a inda za a sa shi. Babbanmu ya ce wa direban, "Malam direba, don girman Allah a nema wa wannan wuri a sama, nesa da man nan." Direba ya ɗaga kwalin da hannu ɗaya ya yi dariya, ya ce, "Haba Alhaji, wannan ai tsumma ne." Alhaji ya buɗe waya ya nuna masa hoton mutum biyu rataye a jikin irinta, gari na can ƙasa kamar zanen tabarma. Direba ya daɗe yana kallo, sannan ya kira yaronsa ya ce a kwashe jarkokin. Tun daga nan muke ajiye irin wannan hoto a waya, don ya fi dogon bayani saurin shiga.

Laimar ceto kuwa dokarta ɗaya ce: ba a taɓa ta. Wani ja ko jan-baki-bakin hannu za ka gani a gefen kujera, wanda 'yan siraran sanduna ke riƙe da shi. Duk wanda ya ɗaga kujerar ta wannan hannu, ya zazzago laimar. Haɗarin ma ba a zazzagowar yake ba, yana wurin mai kunya da zai tattara ta ya cusa ya rufe kamar ba a yi komai ba. Naɗinta aikin wanda ya koya ne, ana kwance ta a sha iska a sake naɗewa duk wata 6 zuwa 12, kuma in aka cusa ta barkatai tana iya ƙin buɗewa a ranar da babu wata dabara sai ita. Mukan roƙi mai kaya ya lulluɓe hannun da kansa kafin ɗauri, ya kuma tuna ya cire abin da ya lulluɓa da shi kafin ya tashi. In kuwa ta fito a hanya, a zuba ta a leda mai tsabta yadda take, a kira shi a faɗa masa.

Ga yadda muke ɗaurin, kuma a gaban mai kaya muke yi. Mukan ɗauki hoton kowane abu, har da lambar laimar da ke jikin wani ɗan ƙyalle a cikinta. Ƙugiyoyi da duk wani ƙarfe a naɗe su daban a tsumma, don kada su goga yadi ko su bugi juna. Hular kwano a cika cikinta da tufafi masu laushi a sa ta a tsakiya, domin ita ma in ta sha bugu mai ƙarfi soson cikinta ya gama aiki ko da bayanta bai fashe ba. Laima busasshiya ta shiga babbar leda mai kauri, tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Sannan duka su shiga kwali mai bango biyu wanda ya ɗan fi kayan girma, a cike gefe da takarda don kada su yi ta kai da kawo. Jakar Gana-mas-go ba ta isa ba, ƙusa ɗaya a jikin mota ta gama da ita. A saman kayan, kafin a rufe, mukan shimfiɗa wani fallen kwali. Amfaninsa zai zo a gaba. A waje kuma a rubuta da manyan baƙaƙe, da Turanci da Faransanci tunda za a ratsa Benin da Togo, cewa kada a ɗora kaya a kai, kada a yanka da reza.

Yanzu ga inda jarabawar take, wato kuɗi. In jirgi za a ba kayan, kamfanonin aike ba nauyin sikeli kaɗai suke dubawa ba, suna auna girma ma. Sukan ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita su raba da 5,000, sai su caje ka a kan wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin gaske. Kwali mai 80 da 50 da 40 zai ba da kilo 32, ko da abin da ke ciki kilo 15 ne. In aka danne shi ya koma 70 da 40 da 35, lissafi ya sauko ƙasa da kilo 20. Kilo 12 a kuɗin jirgi ba wasa ba ne, kuma wanda ya riga ya yi jinga da mai kaya zai ga ribarsa a fili in ya sa gwiwa. Babu wanda zai kama shi. Abin da muka tsayar a tsakaninmu shi ne a auna kwali a gaban mai kaya kafin a faɗi farashi, a nuna masa lissafin, kuma in ana son rage girma shi zai rage da hannunsa, don shi ya san inda laimarsa ke jure ninki. A kuma rubuta ainihin darajar kayan a takarda saboda inshora. Sabuwar laima ita kaɗai takan kai Yuro 3,000 ko fiye, wanda ya rubuta "tufafi" don ya rage 'yan kuɗi kuwa, kuɗin tufafi za a biya shi in kwali ya ɓata.

Batir ma yana da nasa hukunci a jirgi. Rediyo, da na'urar hawa da sauka, da fawa bank duk batirin litiyom ne, wanda ke iya kama wuta. Ƙa'idar jiragen fasinja ita ce batirin da ba ya jikin na'ura a jakar hannu yake tafiya, ba a cikin kayan da ake zubawa a cikin jirgi ba. Wanda bai wuce awa-wat 100 ba yana wucewa, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi, abin da ya haura haka fasinja ba ya shiga da shi. Fawa bank mai 20,000 da muke gani a kasuwa wajen 74 yake. Mafi sauƙi shi ne mai kaya ya cire duk na'urorinsa ya tafi da su a jikinsa, mu aika yadi da kujera. Wanda ya ɓoye batir a kwali bai faɗa ba, ya jawo a tsare kayan gaba ɗaya. In kuma irin laimar nan ce mai inji da farfela a baya, wannan wani babi ne daban, don injin da ya taɓa shan fetur kayan haɗari ne a wurin masu jirgi har sai an wanke shi yadda suka gindaya.

A hanyar mota kuwa iyaka uku za a tsallaka kafin Akra, kuma jami'ai suna da haƙƙin su buɗe kowane kwali. Ba a jayayya da wannan. Abin tsoron shi ne yadda ake buɗewar, don kowa reza yake jawowa ya bi layin salatif, kuma yadi mai kaurin da bai kai takarda ba yana kwance a ƙasa. Fallen kwalin nan da muka shimfiɗa a sama, don wannan rezar muka sa shi. Mukan manna hotunan abin da ke ciki da jerin sunayensu a bayan kwali, mu kuma roƙi direba ko wanda ya raka kaya ya ce shi zai buɗe da hannunsa. Yawancin jami'ai in suka ga hoto suka ji bayani cikin ladabi, leƙawa kawai suke yi. A ba ɗan rakiya salatif na sake rufewa, kada kwali ya ƙarasa tafiya baki buɗe.

Duk da wannan, hanya hanya ce. Ruwa kan shiga, jarka kan fashe, kwali kan faɗo. In haka ta faru, magana ɗaya ce ta rage mana: a faɗa. Masu wannan wasa suna da wuraren duba laima. Akwai na'urar da ke ƙirga daƙiƙoƙin da iska ke ɗauka kafin ta ratsa yadi, ana kuma auna kowace igiya a ƙarƙashin nauyin kilo 5 a gwada da tsawonta na asali. Amma ba kullum ake kai ta ba, galibi sai bayan shekara ɗaya ko biyu. Mutumin da aka miƙa wa kwali a goge tsaf ba shi da dalilin zuwa dubawa. Zai hau dutse da ita, wataƙila ma da ɗiyar wani a gabansa da ta biya kuɗi don ta ga garinsu daga sama. In muka ce masa gas ya taɓa gefe kaza, ko ta kwana a jiƙe a Seme, zai ɓata rai, mai yiwuwa mu yi asarar kuɗin aike ko fiye. Wannan asara mun san girmanta, kuma muna iya ɗauka.

Don haka 'yan uwa, duk wanda irin wannan jaka ta zo wa, ya zaunar da mai ita ya tambaye shi, matambayi ba ya ɓata. In ya duba ya ga ba shi da busasshen wurin ajiya, ko motar da ke ƙasa mai ta ɗauko, ko kuma ba shi da direban da ya yarda da shi a wannan layi, to ya faɗa wa mai kaya gaskiya ya tura shi wurin ɗan uwan da ke da hali. Kamasho ɗaya ne ya wuce shi, gobe wani zai zo. Yaranmu masu lodi kuma a nuna musu hoton, a gaya musu dalili, don wanda ya san abin da ke cikin kwali ba sai an tsaya a kansa ba.

Allah ya tsare mana hanya, ya kai kowa da kayansa lafiya.